Hanta Tana Aikinta, Mu Kuwa Muna Sayar da Wake

'Yan'uwa manoma, wata baƙuwar kalma ta shigo ƙauyukanmu, watau kolastarol. Ana jinta a rediyo, ana ganinta a rubuce jikin galan na mai, masu tallan magani kuma suna ta kiranta da lasifika ranar kasuwa, wai suna da abin da zai wanke ta daga jini cikin kwana uku. Tsoro ya kama mutane, amma tsoron bai bi hanyar da ta kamata ba. Akwai gidajen da aka rage ba yara ƙwai, akwai kuma waɗanda suka bar man gyaɗar da matan ƙauye ke matsewa suka koma sayen na kanti da tsada. A gidajen nan kuwa, da kaka ta yi sai a ɗure wake duka a kai kasuwa, a komo da taliyar leda da burodi da lemon kwalba. A ganinmu an juya al'amarin ne a baibai, kuma ƙungiyoyinmu na gama kai suna da ikon gyara shi. Amma kafin mu faɗi abin da mu ke roƙo, bari mu duba yadda jiki ya ke yi da wannan abu.

Kolastarol ba dafi ba ne. Wani abu ne mai kama da kakin zuma, wanda kowace ƙwayar halitta ta jikinmu ke bukata domin gina bangonta. Da shi jiki ya ke yin bitamin D sa'ad da rana ta taɓa fata, da shi kuma ya ke yin sinadaran da ke sa namiji da mace su balaga su haihu. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana riƙe da wajen kashi ɗaya cikin biyar na dukan wanda ke jiki. Yawancinsa ma ba daga akushi ya ke zuwa ba, jiki ne ke ƙera abinsa kowace rana. Wahalar ita ce jiki ba ya iya ƙona shi kamar yadda ya ke ƙona tuwo ko mai ya sami ƙarfi. In ya yi yawa, sai dai a fitar da shi, babbar ƙofar fitarsa kuwa ita ce maɗaciya.

Duk wanda ya taɓa gyara kaza ko akuya ya san maɗaciya, 'yar jakar nan kora da ke manne da hanta, wadda in ta fashe nama ya ɓaci da ɗaci. Ruwan da ke cikinta hanta ce ke yinsa, jakar ajiya ce kawai. In mutum ya ci abu mai maiƙo, sai jakar ta matse ta zuba ruwan cikin ƙaramin hanji, ya yi wa maiƙon abin da sabulu ke yi wa kwanon miya, ya farfasa shi har hanji ya iya tsotsa. In babu ruwan nan, mai sai ya wuce a banza, har da bitamin A na manja da ke kiyaye idon yara. Sunan kolastarol kansa daga nan ya fito. A cikin tsakuwar maɗaciya aka fara samunsa, wani masani na Faransa mai suna Chevreul ya raɗa masa suna wajen shekara ta 1815, da kalmomi biyu na Helenanci masu ma'anar daskararren ruwan maɗaciya.

To, wa ke mai da kolastarol ruwan maɗaciya? Wani ɗan ƙaramin ma'aikaci ne a cikin hanta, irin waɗanda masana ke kira enzayim. Kada sunan ya ba mu tsoro, gama mun daɗe muna aiki da irinsu. Sa'ad da mace ta zuba niƙaƙƙen tsiron dawa ko ɗanyen dankali cikin kunu mai kauri ya tsinke ya yi zaƙi, enzayim ne ya yi aikin. Haka kuma sa'ad da Fulani suka sa tumfafiya cikin madara ta dunƙule. Abu ne kaɗan, mai juya wani abu ya zama wani dabam, shi kuwa ba ya ƙarewa a cikin aikin. Wannan na hanta likitoci suna rubuta sunansa CYP7A1. Akwai matakai fiye da goma tsakanin kolastarol da gishirin maɗaciya, amma shi ne ke kan matakin farko, shi ne kuma ke sa sauri ko jinkiri. In ya yi sanyi, duk na bayansa sai su jira. A jikin babban mutum mai lafiya yana juya wajen rabin giram kowace rana.

A nan ne abin ya shafi tukunyarmu, saboda haka mu bi shi a hankali. Jiki yana da tsimi ƙwarai da gishirin maɗaciya. Dukan abin da mutum ke da shi bai wuce giram 2 zuwa 4 ba, amma yana zagawa sau da yawa a yini: daga hanta zuwa hanji, ya gama aikinsa, a ƙarshen ƙaramin hanji a sāke tsotse shi, jini ya komar da shi hanta. Cikin kashi 100 da suka fita, wajen 95 suna komowa. Ku ɗauka ma'ajin ƙungiya ne ya ba da aron buhu 100, aka komo masa da 95. Biyar kaɗai zai ɗinka. Amma in 90 aka komo da su, dole ya ɗinka goma, dole kuma ya nemo yadi. Haka hanta ta ke. In gishirin ya komo da yawa, saƙo yana isa wurin ma'aikacin nan cewa ya sassauta. In ya komo kaɗan, sai ya ƙara himma, yadin da ya ke ɗinki da shi kuwa kolastarol ne. Sa'ad da na cikin hanta ya ragu, sai hanta ta shiga fizgo wanda ke yawo cikin jini.

Wanda ke yawo cikin jinin nan shi ne abin tsoro. Yana tafiya cikin waɗansu 'yan ƙunshi da a ke kira LDL, in kuwa suka yi yawa shekara da shekaru, sai su riƙa maƙalewa a bangon jijiyoyin jini, hanya ta yi ta ƙuntata har wata rana ta toshe. In a zuciya ne, ciwon zuciya ke nan mai kashewa farat ɗaya. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Waɗansu likitoci biyu na Amurka, Brown da Goldstein, su ne suka gano 'yan ƙugiyoyin da hanta ke fizgo LDL da su, aka ba su kyautar Nobel a 1985.

Wannan ba zancen takarda ba ne kawai, an gwada shi a jikin mutane. Akwai wani garin magani da a ke damawa a sha, ba ya shiga jini ko kaɗan, iyakar aikinsa ya kama gishirin maɗaciya cikin hanji ya fita da shi bayan gida. A Amurka aka raba maza 3,806 masu yawan kolastarol kashi biyu, aka ba rabi wannan gari, aka ba rabi wani garin da ba magani a ciki, aka bi su shekara bakwai da ɗoriya. Da aka fito da sakamako a 1984, ciwon zuciya mai tsanani ya ragu da kashi 19 cikin 100 a wajen masu shan na ainihi. An kuma ga abin da ke faruwa in ma'aikacin ya mutu gaba ɗaya. A 2002 likitoci a Amurka suka ba da labarin wani iyali inda mutum uku suka gāji CYP7A1 wanda ba ya aiki. Kolastarol ya taru musu a jini, biyu daga cikinsu kuma suka sami tsakuwar maɗaciya tun ba su tsufa ba. Dalilin tsakuwar a fili ya ke: gishirin ne ke riƙe kolastarol a narke cikin jakar, in gishiri ya yi kaɗan sai ya daskare. (Tsakuwar da kan sami masu ciwon sikila a ƙasarmu wata iri ce dabam, daga fashewar ƙwayoyin jini ta ke, ba ruwanta da wannan.)

Yanzu ga abin da ya sa mu ke wannan magana a takardar manoma. Abin da garin maganin nan ke yi da ƙarfi, akwai abincin da ke yinsa kaɗan kaɗan, mu ne kuwa ke noma shi. Cikin tsire-tsire akwai wani sashi da hanjin mutum ba ya narkarwa, Turawa suna ce masa faiba. Iri biyu ne. Akwai mai kaushi irin na dusa, wanda amfaninsa shi ne sauƙaƙa bayan gida. Akwai kuma mai jiƙa ya yi danƙo ko yauƙi, shi ne ke riƙe gishirin maɗaciya ya hana a tsotse shi duka. Yauƙin kuɓewa irinsa ne, haka na kuka da karkashi da lalo. Wake da gurjiya da waken suya suna da shi, ko da ya ke ba a ganin yauƙinsu a ido. A 2014 masana a Kanada suka tattara gwaje-gwaje 26 da aka yi kan wake da danginsa, suka iske cin wajen giram 130 na dafaffe kowace rana, abin da bai cika kofi ɗaya ba, yana rage LDL da kusan kashi 5 cikin 100. Kuɓewa kuwa, masanan Ma'aikatar Gona ta Amurka sun gwada ta a 2007 tare da waɗansu kayan lambu bakwai, ta fi su duka kama gishirin maɗaciya. Wannan gwaji a kwalba aka yi shi, ba a cikin mutum ba, saboda haka kada wani ya mai da kuɓewa magani ya shiga talla. Miya ce, a sha ta a matsayin miya.

Tun kafin waɗannan gwaje-gwaje, likitoci biyu da suka yi shekaru suna aiki a asibitin Mulago na Kampala a ƙasar Uganda, Denis Burkitt da Hugh Trowell, sun lura cewa toshewar jijiyar zuciya da tsakuwar maɗaciya, waɗanda suka cika asibitocin Ingila, da ƙyar a ke ganinsu a wurin mutanen karkarar Afirka. Cikin shekarun 1970 suka yi ta shela cewa abincin ƙauye mai faiba yana da hannu a ciki. Ba shi kaɗai ba ne dalili, gama mutanen nan suna tafiya a ƙasa, suna noma da hannu, da yawa kuma ba su kai shekarun da ciwon ke bayyana ba. Duk da haka Turawa suka ɗauki maganar. A 1997 hukumar abinci ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin kwalin hatsin nan da su ke kira ot cewa yana taimakon zuciya, saboda danƙon da ke cikinsa. Yau ana kawo mana shi cikin gwangwani da tsada, mu kuwa Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bi mata.

Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa wannan ciwon mutanen birni ne. Wani babban bincike kan shanyewar ɓarin jiki da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya gwama marasa lafiya fiye da 2,000 da masu lafiya tsaransu. Hawan jini ne ya zo kan gaba nesa ba kusa ba. Mai bi masa shi ne rikicewar kitsen jini. Cikin sauran abubuwan da aka lissafta akwai ciwon sukari, da tumbi, da yawan cin nama, da ƙarancin cin ganye. Manomin da ɓarin jikinsa ya shanye, gona ta tsaya, matarsa ta bar sana'a ta koma jinya, yara sun bar makaranta, bashin taki kuma yana nan yana jiran ƙungiya.

Game da mai, gaskiyar ita ce duk man da aka matse daga tsiro ba a lissafta shi da kolastarol, ko na gyaɗa, ko na riɗi, ko manja. Wanda ya rubuta a galan cewa nasa ba shi da kolastarol bai yi ƙarya ba, amma kamar mai sayar da gero ne yana rantsuwa ba ƙashi a ciki. Abin dubawa shi ne irin kitsen nan mai daskarewa, gama shi ne ke rage ƙugiyoyin hanta, LDL ya daɗe yana yawo cikin jini. A man gyaɗa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. A manja wajen rabi ne. A man shanu ya haura rabi, a man alayyadi ya kai kashi huɗu cikin biyar. Ashe man gyaɗar matan ƙungiyarmu yana cikin masu kyau, muddin gyaɗar ba ta yi fumfuna ba, domin dafin fumfunar gyaɗa da masara hanta ya ke ci, hantar da ta lalace kuwa ba ta iya wannan aiki da mu ke magana a kai. Haka giya ke yi mata. Manja ma ba mu ce a bar shi ba. Cokali ɗaya ko biyu a miya yana kawo bitamin A, abin da mu ke ƙi shi ne miyar da mai ke iyo a kanta, da man suya da a ke ta maimaitawa har ya yi baƙi.

Ƙwai kuwa, gwaiduwa ɗaya tana da wajen miligiram 190, gaskiya ne. Amma a jikin yawancin mutane, in ya shigo ta baki da yawa sai jiki ya rage wanda ya ke ƙerawa. Yaro ɗan shekara biyu wanda hannunsa ya yi siriri ba toshewar jijiya ke jiransa ba, tamowa ce. A ba shi ƙwai, a sa masa mai cikin kunu. Mai ciki da mai shayarwa ma haka. Dattijo mai ciwon sukari, ko wanda gwaji ya nuna kitsen jininsa ya hau, shi ne zai tambayi likita guda nawa zai ci.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce wake ne kuɗin makaranta, shi ne kuɗin taki, in kuma aka ajiye shi ƙwari su cinye kafin bazara. Maganar kuɗi gaskiya ce, ba mu kuma ce kada a sayar ba. Maganar ƙwari kuwa an sami maganinta. Buhun nan mai riɓi uku, leda biyu a ciki da saƙaƙƙen buhu a waje, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da masanan Kamaru, aka soma bazawa a ƙasashenmu a 2007, yana kashe ƙwari da rashin iska, ba sai an zuba guba ba. Wake ya bushe sarai, a ɗaure kowace leda dabam, kada a huda. Wanda ya ajiye haka, ya ci da iyalinsa, abin da ya ragu kuma ya sayar sa'ad da kasuwa ta tashi, maimakon lokacin kaka da kowa ke zubarwa.

Za a kuma ce kashi 5 cikin 100 ai kaɗan ne. Kaɗan ne ga mutum ɗaya mai ciwo, amma ga ƙauye guda, shekara talatin ana cin haka, ba kaɗan ba ne, ga shi kuma wake yana kawo abin gina jiki a madadin nama mai tsada. Amma lalle akwai waɗanda abinci ba zai ishe su ba. Kusan mutum ɗaya cikin 250 zuwa 300 yana gādon ƙugiyoyin hanta marasa ƙarfi, ko da siriri ne, ko da kullum yana gona. In a danginku maza suna faɗuwa matattu tun ba su kai hamsin ba, ku je a auna jininku. Irin waɗannan, da wanda ya taɓa samun shanyewar jiki ko ciwon zuciya, akwai ƙwayar da likita kan rubuta musu da a ke kira sitatin. Ita wani enzayim dabam ta ke tarewa, wanda ke ƙera kolastarol tun daga tushe. Wanda ya gano ta farko a 1973, Akira Endo na Japan, ɗan manoma ne, daga wata fumfuna da ta fito kan shinkafa kuma ya samo ta. An fara sayar da irinta a Amurka a 1987. Wanda aka rubuta wa, ya sha kullum, kada ya bari don ya ji sauƙi, gama yawan kolastarol ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi, ba a gane shi sai da gwajin jini. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana mai lasifikar kasuwa, wanda ke duban fuskar mutum ya ce jininsa ya cika da kitse, neman kuɗi ya ke yi. Kada kuma wani ya ji muna yabon maɗaciya ya ce zai sha ta dabba. A 1995 a ƙasar Saudiyya waɗansu masu ciwon sukari suka sha ruwan maɗaciyar tunkiya da sunan magani, suka kwanta ciwo, gwaji ya nuna ya taɓa musu hanta da ƙoda.

Abin da mu ke roƙon shugabannin ƙungiyoyi shi ne a sa wannan magana cikin taron kaka, kafin 'yan kasuwa su iso da motocinsu. Kowane gida ya lissafta bakin da ya ke ciyarwa, ya ware waken ci tukuna, sa'an nan a auna na sayarwa. Ƙungiya ta sayo buhunan nan a sari ta raba wa membobi, a biya bayan an sayar. Sashen mata su shanya kuɓewa da ganyen kuka da karkashi isassu, gama watannin bazara ne miya kan koma ruwa da dunƙule. Masu lambun rani su bar kwami biyu ko uku domin ganyen gida, ba tumatir da albasa na kasuwa kaɗai ba. Tun da hawan jini ne babban mai kā da mutane, kuɗin ma'aunin jini guda ɗaya bai fi ƙarfin asusun kowace ƙungiya ba. A saya, a roƙi malamin asibiti mafi kusa ya koya wa mutum biyu yadda a ke aunawa, a riƙa auna duk wanda ya wuce shekara 40 ranar taron wata, a rubuta a littafi kusa da sunansa. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 a taro biyu a jere, sakatare ya ba shi takarda zuwa asibiti, ya roƙa a auna masa sukari da kitsen jini tare.